Yadda Na Gaisar da Rabin Zaure

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tun ranar da na faɗo daga kan rufi, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je nema wa ɗan yayana Sale aure a unguwar Abbaganaram ba. Har yanzu in na tuna, sai in ji zufa tana tsattsafo mini a ƙarƙashin hula.

Ni kafinta ne, a unguwar Gomari nake zaune. Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina buga kwano a wani gida kusa da filin jirgi, katako ya karye da ni. Da gefen kaina na dama na sauka a kan tulin bulo. An ce na daɗe a gadon asibiti ban san wanda yake kaina ba. Da na farfaɗo na duba, ga hannu ga ƙafa, ido yana gani, baki yana magana, sai na ce alhamdu lillahi, an tsira. Ban sani ba ashe rabin duniya ya tafi bai yi mini sallama ba.

Duk abin da yake haguna sai ya zama kamar babu shi. Ba duhu nake gani ba, ba kuma dishi-dishi ba. Kai mai karatu, me kake gani a ƙeyarka yanzu? To haka hagu ya zame mini: ba na ganinsa, kuma ba na jin na rasa komai. In zan shiga ɗaki sai kafaɗata ta daki ƙyaure, in hau zagin wanda ya kafa ƙofar a karkace (ni na kafa ta da hannuna). In na gyara gemu, sai in fito da rabi tsaf, rabi kamar gonar da aka yi wa ƙaura. Matata Hajara ta zauna ta haguna tana yi mini magana, ni kuma ina leƙen dama ina cewa, "Ki fito mana ki yi magana a gabana."

A asibiti aka haɗa ni da Sista Rifkatu, mutumiyar Biu, gajeriya mai murya kamar ta sajan. Ita ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Aikinta shi ne koya wa waɗanda suka bugu a ka yadda za su sake zama da mutane da kuma sana'arsu. Ranar farko ta watsa ƙusoshi a kan tire ta tura mini.

"Malam kafinta, tsince mini su duka."

Nan da nan na tsince. "Na gama."

"Duka?"

"Sista, tun ba a haife ki ba nake tsintar ƙusa."

Sai ta juya tiren. Ga ƙusoshi nan zube, rabin tire cur. Na rantse mata da Allah daga aljihunta ta ƙaro su. Sai da muka maimaita har na gaji da rantsuwa.

"Idonka ba shi da laifi," in ji ta. "Ƙwaƙwalwarka ce ta daina tura ɗan aike zuwa hagu. Tunda ba ya zuwa da kansa, kai za ka riƙa kora shi. Ka san fitilar nan ta filin jirgi mai juyawa, wadda kuke gani daga Gomari? Haka za ka mai da kanka. Duk inda ka shiga, ka tsaya a bakin ƙofa, ka juya kai har haɓarka ta kai kafaɗar hagu, sannan ka taka."

Ta ɗaura mini jan zare a wuyan hannun hagu, ta ce in na rasa inda duniya ta ƙare in nemo zaren. Ta sa na shafa jan fenti a gefen hagu na bencin aikina, kada in goge rabin katako in ce na gama. Ita ce kuma ta tura ni ajin yaƙi da jahilci. Ni allo kaɗai na sani, mai tashi daga dama. Boko kuwa daga hagu yake tashi, dole ka je can ka ɗauko shi. Farkon shigata, in an rubuta "Bala ya sayi akuya", sai in karanta "sayi akuya", in zauna ina mamakin wa ake aike. Ban fasa zuwa ba. A hankali Bala ya fara bayyana.

In mun gama da ƙusoshi, sai ta ture tire ta ce, "To, yaya zuciya?" Da farko nakan ce lafiya lau. Daga baya na gaya mata gaskiya: ina yi wa Hajara tsawa ba dalili, na taɓa jifan bango da guduma, kuma nakan ɓuya a bayan rumfar aiki in yi kuka, ni da furfurata. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce wanda ya rasa rabin abin da ya saba da shi dole ya yi makoki, amma Hajara ba ita ta karya katakon ba. Ta koya mini in fushi ya taso in ajiye abin da ke hannuna, in fita gindin dogonyaro har numfashina ya daidaita. Duk na bi.

Abu ɗaya na ƙi. Kullum sai ta ce, "Ka riƙa gaya wa mutane." Ni kuma in ce a'a. A unguwa in aka ce "kansa ya taɓu", an gama da kafinta, wa zai ba ka rufin gidansa? Sai na ɓullo da dabarata. A masallaci ƙarshen sahu na hagu nake tsayawa, a wurin zama kuma in maƙale a bango, kowa ya zama yana ta hannun damana. Daga Hajara sai ƙanena Habu suka san ainihin abin. Dabarar ta yi aiki, har na fara ganin kamar na fi Sista wayo.

Sale ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi. Yaro ne mai haƙuri, makanike, ba ya son kowa sai Falmata, wata malamar firamare 'yar Barebari. Shekaru ya yi yana bin maganar kafin a ce ya turo magabatansa. Magabaci kuwa ni ne, babu wani babba da ya rage. A wajensu mai yanke magana shi ne Ba Modu, yayan mahaifinta, dattijo mai nauyin kai wanda unguwar duka ke jin maganarsa. Mun san juna da shi. Na taɓa yi masa rufin shago, ya yi yoyo, muka ɗan sa-in-sa. (Har gobe ina nan a kan cewa kwanon ne ba shi da kyau.)

Ranar Asabar na ci ado: babbar riga mai aiki, hula zanna sabon wanki, turare har Hajara tana atishawa. Ina miƙa hannu zan karɓi ƙullin goro sai Habu ya kalli jan zaren ya yi dariya.

"Yaya, da wannan za ka je gaban Barebari? Sai su ce an ɗaura maka maganin haƙori kamar jinjiri."

Na tsinke shi na jefar. Hajara ta ce, "Malam, ka bar shi mana, hannun riga zai rufe." Na ce mata ai na warke, zaren ma don in faranta wa Sista nake barinsa.

A cikin tasi ban yi komai ba sai bitar jawabina. Yadda zan fara da salati, yadda zan ambaci marigayi yayana, yadda zan ce mun zo neman iri a gida mai albarka. Kaina ya cika maƙil da jawabi, babu sauran wuri ko na ƙwayar gero. Sista ta sha gaya mini cewa ciwon nan ya fi tashi in hankali ya tafi wani wuri ko in gaba yana faɗuwa. Ranar duka biyun sun haɗu.

Muka yi sallama, muka tuɓe takalma. Ban tsaya a bakin ƙofa ba, ban juya kai ba. Na kutsa kai cikin zauren kamar wanda ya zo karɓar sarauta.

Dattawa na gani a jere a kan darduma, sai na durƙusa na fara daga na farko. Kun san gaisuwar Barebari ba a gaggauta ta. Wushe, wushe, yaya gida, yaya iyali, yaya zafi, yaya gajiya, a saki hannu a taɓa ƙirji a sake kamawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ban tsallake kowa ba. Har wani mai gyaran rediyo da ya shigo kawo rediyo ya maƙale a ƙarshen layi, shi ma na tambaye shi lafiyar tsofaffinsa. Na koma na zauna ina jin daɗin kaina. A raina na ce, yau Barebari za su san Bahaushe ma ya iya gaisuwa.

Abu biyu suka ɗan dame ni. Na ɗaya, zauren ya yi tsit, waɗanda na gaisar kuma duk sun sunkuyar da kai. Na biyu, ban ga Ba Modu ba. Na jira, na gyara zama, na yi gyaran murya. (Habu ya ce tun shigarmu yake jan hannun rigata har ya kusa yage ta. Ta hagu yake ja.) Da shirun ya yi yawa, sai na tuna da maganar yoyo, zuciyata ta ce ai da gangan ya ƙi fitowa. Na ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida.

"To, ko Ba Modu bai samu fitowa ba ne? Mun dai taso tun daga Gomari cikin ranar nan. A wajenmu in an sa wa baƙo rana, maigida yakan zauna ya jira shi."

Sai na ji murya, a hankali, dab da kunnena.

"Habu, yayan nan naka neman aure ya zo, ko ya zo shaida mana cewa mun mutu?"

Na juya kai. Jama'a, na juya kai.

Rabin zaure ne cike da mutane. Baffannin Falmata, kawunnanta, limamin unguwa da rawaninsa. A farkonsu kuma, kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, ga Ba Modu a kan buzu, tsakanina da shi bai kai tsawon gwangwalar awo ba. Hannunsa na dama yana nan a miƙe. Tun shigowata ya miƙo shi, na wuce har gefen rigata ya share masa fuska, shi kuwa ya ƙi saukewa don kowa ya shaida.

Da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na rarrafa zan kama hannun, sai ya janye shi ya sa a cikin riga. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Wallahi ban gan ka ba."

"Ba ka gan ni ba," in ji shi. "Da liman. Da mutum goma sha wani abu. Amma ka ga mai rediyo." Ya dubi Habu. "Ku ɗauki goronku. Gidan da babbansu ke yin haka, ban san abin da ƙaraminsu zai yi wa 'yarmu ba."

Muka shiga tasi muka koma gida. Sale yana jiranmu a ƙofar gida, ya yi wanka ya sa fararen kaya. Da ya ga ƙullin goro a hannun Habu, sai ya fahimta. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba komai, Baffa. Allah bai yi ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Habu ya kawo shawara a tura wasu dattawa su ce zazzaɓi ne ya taɓa ni ranar. Na ce a'a. Ni na ɓata, ni zan gyara, ko da zan gyara da goshina a ƙasa.

Ranar asibiti na zayyana wa Sista Rifkatu komai. Ta yi ƙoƙari ta daure, amma da na zo kan mai rediyo sai ta kife kai a kan tebur tana dariya har da hawaye. Da ta natsu na ce, "Sista, ki taimake ni ki bi ni ki yi masa bayani. Ke za ki iya, da farar rigarki."

"Zan bi ka wannan zauren, to na gaba fa? Bakinka ne zai yi bayanin, Malam kafinta. Tashi mu gwada."

Ta jera benci biyu a baranda, dama da hagu. Ta zaunar da masu jiran layi: wani direban tirela da ke manta sunan 'ya'yansa, wata tsohuwa da shanyewar jiki ta taɓa, har da masu shara. Ta ce in fita in shigo, in tsaya, in juya kai, in gaida kowa, kuma in riƙa karanto jawabin neman aure a lokaci guda don kaina ya saba da ɗaukar kaya biyu. Na yi, na tsallake tsohuwa, tsohuwa ta ce ita ma ba za ta ba ni jikarta ba. Na sake. Na yi ta zuwa ina sakewa har direban ya haddace jawabina (shi da ba ya riƙe sunan ɗansa na fari).

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne maganar da ta ce in faɗa da ƙarfi a gabansu: "Na bugu a ka, ba na lura da abin da ke haguna, ina zuwa asibiti ana koya mini." Ranar farko na kasa faɗa. Na fita gindin bishiya na dawo. Da na samu ta fito, sai direban ya ce, "To sai me? Mu nan hutu muka zo?"

Na koma Abbaganaram ni kaɗai, a kan keke, da tsohuwar rigar aiki. Aka ce Ba Modu yana barci. Na zauna a inuwa har la'asar, na tafi. Na sake dawowa, aka ce ya fita, alhali ga takalmansa. Na sake dawowa. Matan layin har sun fara aiko mini da ruwan sanyi. Wata Laraba dai aka leƙo aka ce in shiga.

Na tsaya a bakin ƙofa. Zauren fayau, darduma babu kowa. Ƙafata har ta ɗaga za ta shiga, na mai da ita. Na juya kai a hankali, ina ji wuyana yana ƙara, har haɓata ta taɓa kafaɗa. Can a lungu, bayan ƙyaure, inda ake jingine tsintsiya, ga dattijo ya naɗe a kan buzunsa yana kallona. Ashe labari ya kai masa cewa wai ba na ganin hagu, shi ne ya ce bari ya gani da idonsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Ka gan ni ke nan. Ashe ƙarya ake yi."

"Ba ganinka na yi ba, Baba. Nemo ka na yi."

Sai na yi abin da ban taɓa yi a gaban wani babba ba: na cire hulata. Na juya masa gefen kaina ya ga tabon, inda gashi ya ƙi fitowa kuma ƙashi ya ɗan lotsa. Na faɗi maganar nan da na koya a baranda, ban rage ko kalma ba. Na ba shi labarin ƙusoshi, da rabin gemu, da Bala mai akuya. Na ce masa laifina ne, kada a ɗora wa maraya.

Ya daɗe yana kallon tabon. Ya sa yatsa ya taɓa shi a hankali, kamar mai duba kankana.

"Ranar nan me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Baba. Kada a ce kaina ya taɓu."

"To ai ya taɓu, ga wurin." Ya girgiza kai. "Kafinta, kai wane irin mutum ne? Ka gwammace a ce maka marar tarbiyya da a ce maka marar lafiya? Marar lafiya ana zuwa gaishe shi. Marar tarbiyya ko gaisuwarsa ba a so."

Ya fito da hannunsa daga cikin riga ya miƙo. Na kama shi da hannu biyu, na ƙi saki har sai da ya ce zan karya masa yatsu.

"Mai da hularka. Ku dawo da goron ranar Asabar. Amma duk waɗanda ka tsallake za su zo, kuma abin da ka gaya mini a lungu, a gabansu za ka maimaita. A gabansu ka yi mini, a gabansu za ka wanke ni."

Haka aka yi. Na tsaya a tsakiyar zaure na faɗa. Liman ya yi mini addu'a. Wani kawun Falmata ya jawo ni gefe yana tambaya ko wace rana ake ganin Sista, don yana da ƙane da babur ya kayar, tun daga nan ba ya riƙe magana, sun ɓoye shi a gida. Aka karɓi goro, aka sa rana. Da labari ya kai wa Sale a gareji, an ce ya rungumi mai motar da yake gyara wa da hannunsa duk baƙin mai.

Muna sa takalma za mu fita, Ba Modu ya ƙwala mini kira.

"Kafinta! Na ba ɗanka 'yarmu. Amma zan gaya wa Falmata in ta kawo maka abinci ta ajiye ta dama. In ba haka ba, gobe ka tara mutane ka ce Barebari sun bar ka da yunwa."

Abin da na koya shi ne, ciwon da ka ɓoye ba ya zama babu suna. Mutane ne za su raɗa masa, kuma ba su iya zaɓen suna mai daɗi ba. Yanzu duk inda na shiga, kafin a miƙo mini hannu na riga na faɗa. Wasu ma har sun gaji da ji. Habu ya ce na mai da abin kamar mai tallan magani a tasha. Na ce ya bar ni, gara a gaji da ni da a sake dawo mini da goro.